Tsakanin Hassan da Husaini: inda ran 'yan biyu ke shiga haɗari

A gidajen Hausawan Sudan, daga Maiwurno zuwa Gadarif, daga ƙauyukan Jazira zuwa unguwannin Kasala, babu haihuwar da ake rangaɗa wa guɗa kamar ta 'yan biyu. Suna a shirye yake tun kafin a nemo raguna: Hassan da Husaini, Hassana da Husaina, wanda zai biyo bayansu kuma Gambo. Maƙwabtanmu Larabawa su ce Tom da Toma. Ana cewa kunama ba ta harbinsu, ana cewa in aka ɓata musu rai tukunya ba ta tafasa. Girmamawa ce, kuma sun cancance ta. Amma duk wanda ya daɗe yana shiga gidajen barka ya san abin da ba a cika faɗa ba. Hassan nawa ne suka girma ba su san Husaininsu ba? Uwar biyu nawa ce ta fita arba'in da goyo ɗaya?

A 2017 wasu masana biyu, Christiaan Monden da Jeroen Smits, sun tattara bayanan haihuwa daga ƙasashe 30 na Afirka kudu da Sahara. Tsakanin 2009 da 2014, cikin kowane 'yan biyu 1,000 da aka haifa da rai, 213 ba su kai shekara biyar ba, alhali a cikin waɗanda aka haifa ɗai-ɗai adadin bai wuce 64 ba. Wato a cikin 'yan biyu, ɗaya cikin biyar ake rasawa. A watan farko kuwa tazarar ta fi muni, ninki biyar ce. Alƙaluman na yankin ne baki ɗaya, amma ba wanda zai karanta su a nan ya ce baƙon labari ne. Rai a hannun Allah yake, ba mai musu. Sai dai mafi yawan wannan asara tana faruwa ne a gaɓoɓin da likitoci suka daɗe da sani, kuma a kowace gaɓa akwai abin da iyali za su iya yi tun kafin ranar ta zo.

'Yan biyu iri biyu ne. Akwai waɗanda ƙwai ɗaya ne ya rabu, su ne masu kama ɗaya da jinsi ɗaya, kuma yawansu kusan daidai yake a duk duniya, wajen 4 cikin haihuwa 1,000. Akwai kuma na ƙwai biyu, waɗanda kamarsu ba ta wuce ta wa da ƙane ba. Waɗannan su ne ke da yawa a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, inda a Benin aka ƙidaya kusan 28 cikin 1,000, alhali matsakaicin duniya 12 ne. Abin yana bin dangin uwa, yana ƙaruwa idan mace ta haura shekara 30, yana ƙaruwa da yawan haihuwa. Mu da kakanninmu suka taso daga yamma, kuma matanmu ke haihuwa takwas ko goma, dole mu riƙa ganinsu. Yanzu kuma ga maganin sa ƙwai irin su Clomid, wanda mata ke saye a kantin magani ba tare da likita ba, wasu ma da niyyar samun tagwaye. Wannan ganganci ne. Wadda ta san nauyin cikin 'yan biyu ba za ta neme shi da ƙwaya ba.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ba ta ƙwai ba ce, ta mabiyiya ce: kowane jariri da tasa, ko guda ɗaya suke tarayya a kai? 'Yan ƙwai biyu kullum kowa da mabiyiyarsa da fayarsa. 'Yan ƙwai ɗaya kuwa, wajen biyu cikin uku suna kan mabiyiya ɗaya, kuma a cikinta jijiyoyin jininsu a haɗe suke. Kamar gonaki biyu ne a Jazira da ke shan ruwa daga magudana guda: in ruwan ya karkata, ɗaya ta yi ambaliya, ɗaya ta ƙone. A cikin kashi 10 zuwa 15 na irin wannan ciki haka ke faruwa, galibi tsakanin mako na 16 da na 26. Jariri ɗaya yana ta tura wa ɗan'uwansa jini, shi ya tsumbure, ruwan fayarsa ya ƙafe. Mai karɓar jinin kuma zuciyarsa ta gaji, ruwa ya cika masa faya fal. Abin da uwar ke ji shi ne cikinta ya yi wani irin girma cikin 'yan kwanaki, ya ɗaure tamau, numfashi ya gagare ta. In abin ya yi tsanani ba a taɓa shi ba, yawanci duka biyun ake rasawa. Haka kuma in ɗaya ya rasu a ciki, jinin mai ran yana iya tsiyayewa zuwa gare shi, ya lalata masa ƙwaƙwalwa ko ya tafi da shi. Wannan ba ya faruwa ga masu mabiyiya daban-daban.

Ainihin maganinsa shi ne a shiga mahaifa da siririn madubi a ƙone jijiyoyin da suka haɗa su da hasken leza. Wani babban gwaji da aka yi a Turai aka buga a 2004 ya tabbatar da fifikonsa, amma manyan cibiyoyi ƙalilan ke yin sa, kuma ba abin da matar kambo, wato zangon leburorin gona, za ta kai gare shi ba ne. To mene ne amfanin sani? Amfaninsa babba ne. Wadda aka san mabiyiyarta ɗaya ce za a riƙa ɗaukar hoton cikinta duk mako biyu daga mako na 16, mai biyu kuwa duk mako huɗu. Za a iya rage ruwan in ya yi yawa, a yi mata allurar ƙarfafa huhun jarirai, a zaɓi ranar da za a ciro su kafin abu ya ɓaci.

Ga inda gizo ke saƙar. Lokacin da hoto ke nuna wannan bambanci sarai shi ne tsakanin mako na 11 da na 14, wato ƙarshen wata na uku. A lokacin mai hoto yana duba gindin tantanin da ya raba jariran: in ya yi kauri ya tashi kamar tsini, mabiyiya biyu ce; in siriri ne ya sauka a miƙe, ɗaya ce. Bayan wata biyar mabiyiyoyi biyu kan manne da juna har su zama kamar guda, ganewa ya yi wuya. Mu kuma a al'adarmu wata uku lokacin ɓoye ciki ne. Kunya, tsoron baki, ga laulayi. Mace ba ta zuwa awo sai ciki ya fito ya zauna. Ban ce a yi shela ba. Miji da mata su biyu kaɗai za su iya zuwa a ɗauki hoto guda a wannan lokacin, su ce wa mai hoton ya rubuta musu a kati ko mabiyiya nawa ce, su adana katin. Musamman wadda akwai 'yan biyu a danginta, ko ta sha maganin haihuwa, ko amai ya yi mata yawa fiye da yadda ta saba.

Ita kanta uwar tana ɗauke da nauyin da ya wuce na kowace mai juna biyu. Jarirai biyu suna jan ƙarfen jininta, ga zazzaɓin cizon sauro da ke tashi kowace damina a Jazira da Sinnar da Gadarif yana fasa sauran. Ƙwayoyin ƙarin jini da gidan sauro ba ado ba ne a gare ta. Hawan jinin masu ciki, wanda ke kaiwa ga jijjiga, ya ninka sau biyu zuwa uku a cikin 'yan biyu, kuma yana zuwa da wuri. Ciwon kai mai sara, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama: duk wadda ta ji ɗaya daga cikinsu, ranar za a auna jininta da fitsarinta, ba gobe ba. Likita kan rubuta wa wasunsu ƙaramin asfirin tun daga mako na 12 don rigakafi.

Sai maganar lokaci. Kusan 60 cikin 100 na 'yan biyu suna zuwa kafin mako na 37, kuma wajen ɗaya cikin goma kafin mako na 32. Wanda ke lissafin wata tara da kwana tara, yana cewa sai an sayar da riɗi za a tanadi kuɗin asibiti, naƙuda za ta riske shi bai shirya ba. Ko da naƙudar ba ta zo da kanta ba, ba a barin cikin 'yan biyu ya kai mako 40, domin mabiyiya tana gajiya da wuri, haɗarin mutuwar ɗa a ciki yana hawa. Ƙa'idar da Ingila ta fitar a 2019, wadda likitoci da yawa ke bi, ita ce mako 37 ga masu mabiyiya biyu, 36 ga masu ɗaya. Waɗanda kuma har faya ɗaya suke ciki, ba tantani a tsakaninsu, ana ciro su da tiyata tsakanin mako na 32 da na 34, saboda igiyoyin cibiyarsu kan sarƙe.

A nan ne mutane suka rabu biyu, kuma a ganina duka ɓangarorin sun kauce. Wasu da an ce 'yan biyu ne sai su ce aiki kawai. Wasu kuma tsoron wuƙa ya sa ba sa zuwa asibitin sam. An yi gwaji mafi girma a kan wannan ƙarƙashin Dokta Jon Barrett na Toronto a Kanada, aka buga sakamakon a 2013: mata 2,804 a asibitoci 106 cikin ƙasashe 25, dukkansu jaririn farko ya juyo da kai, ciki tsakanin mako 32 da 38. Aka raba su biyu, rabi aka shirya musu tiyata, rabi haihuwa da kansu. Jariran da suka rasu ko suka jikkata ƙwarai kashi 2.2 ne a ɓangaren tiyata, 1.9 a ɗaya ɓangaren. Babu bambanci ke nan. Saboda haka in Hassan ya zo da kai, uwar tana iya haihuwa da kanta. In ya zo da ɗuwawu ko a gicciye, ko mabiyiya ta tare ƙofa, ko 'yan uku ne, sai aiki. Kuma aikin ba kyauta ba ne ga macen da za ta sake haihuwa biyar a ƙauye, domin tabon mahaifa yana iya yagewa a naƙuda ta gaba.

Amma a karanta sharaɗin gwajin da kyau. Asibitocin da aka yi shi suna da likitan da ya ƙware a karɓar 'yan biyu, kuma suna iya shiga tiyata cikin minti 30. Ko a haka, fiye da kashi 40 na matan da aka shirya wa haihuwa da kansu a ɗakin tiyata suka ƙare. Gwajin bai ce a haifi 'yan biyu a ɗaka ba. Cewa ya yi a haife su a inda wuƙa ke kusa, ko da ba za a taɓa ta ba.

Dalilin yana cikin mintocin da ke tsakanin kukan Hassan da fitowar Husaini. Da na farko ya fita, mahaifa ta zama fili. Na biyu da ke zaune da kai yana iya kwantawa a gicciye. Faya tana iya fashewa igiyar cibiya ta riga shi fitowa, kansa ya danne ta, jini ya daina kai masa. Mahaifar tana iya tsukewa ta ɓamɓare mabiyiyar da yake numfashi da ita. Ko naƙudar ta tsaya cik. Shi ya sa a ɗakin haihuwa na ƙwarai za ka ga mutum ɗaya ya ɗora tafukansa biyu a gefe da gefen cikin uwar, yana riƙe jaririn a miƙe, wani yana sauraron bugun zuciyarsa, ga ruwan naƙuda an rataya a shirye. Ba a fasa faya ta biyu sai kai ko ɗuwawu ya sauko ƙugu. In ya gicciye, likita ya sa hannu cikin mahaifa, ya laluba ta bayan tantani har ya kama diddige, ya juyo shi ya zaro shi ta ƙafa. Aiki ne na 'yan mintoci, amma sai hannun da ya saba. Ana so a gama cikin kamar rabin awa.

Akwai kurakurai biyu da ke kashe Husaini a gida, kuma duka da kyakkyawar niyya ake yin su. Na farko, a yi wa mace allurar tsuke mahaifa ko a ba ta ƙwayar tsayar da jini da zarar jariri ya faɗo, ba a shafa cikin an tabbatar babu wani ba. Mahaifa ta damƙe na biyun. Na biyu, a yanke cibiyar Hassan a ɗaure ɓangarensa kaɗai, a bar ɓangaren uwa yana zuba. In mabiyiya ɗaya ce, jinin Husaini ne ke tsiyaya a ƙasa. Duk ungozoma, ta gargajiya ko mai akwati wadda aka horar, ya kamata waɗannan biyun su zauna mata a ka.

Sudan tana da tsohon tarihin horar da ungozomomi. Tun 1921 wata ungozoma Baturiya, Mabel Wolff, ta buɗe makarantarsu a Omdurman, tana koya wa matan da ba su iya karatu ba gane magani da ƙamshi da ɗanɗano, kuma daga nan daya (wato ungozoma da Larabci) mai akwati ta bazu ƙauyuka. Sun ceci rayuka ba iyaka. Amma abin da aka koya musu game da 'yan biyu shi ne su gane, su tura gaba. Dayar da ta shafa ciki ta ji kai biyu ta ce a tafi asibiti ba gazawa ta yi ba, aikinta ta yi.

Bayan an sauka ma ba a tsira ba tukuna. Mahaifar da ta buɗe ta ɗauki biyu ba ta saurin komawa, kuma gurbin mabiyiya yana da faɗi, don haka zubar jini ya fi yawa. Macen da dama jininta bai kai ba, kaɗan ya ishe ta. 'Yan'uwan da za su ba da jini a san su, a gwada su, tun ciki na wata bakwai.

Duk wannan bayani yana karo da halin da muke ciki. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha faɗin cewa fiye da kashi 70 na asibitocin yankunan da ake faɗa sun daina aiki. Wad Madani, inda matan Jazira ke zuwa in haihuwa ta yi gardama, ta faɗa cikin yaƙin a Disamba 2023, Sinja a Yuni 2024. An koma garuruwan, amma likitoci da yawa sun watse, kayan aiki sun salwanta. Ko ba yaƙi, wanda ya san baƙar lakar Gadarif da Sinnar a watan Agusta ya san mota ba ta shiga, sai tarakta ko amalanken jaki. Saboda haka shawarar da ta fi kowace nauyi ba a ɗakin haihuwa ake yanke ta ba, a tsakar gida ake yanke ta: da ciki ya shiga wata na takwas, a kai ta gidan dangi kusa da asibitin da aka tabbatar yana tiyata yana ƙarin jini, ta zauna can.

Na ga yadda ake wannan muhawara a gidan wani maƙwabcinmu. Uwar mijin tana zaune bakin gado tana jan carbi, ta ce, "Ni goma na haifa a ɗakin nan, har da Hassana da Husaina, ba wanda ya kai ni ko'ina." Ɗan nata bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa ya ce, "Gaskiya ne, Inna, Allah ya ƙara miki lafiya. Amma likita ya ce na farkon a zaune yake. Ki yi mana izini, kuma ke za ki raka ta." Tsohuwar ta yi shiru, can ta ce a ɗauko mata mayafinta da buhun hulba. Ba gardama ce ta ciwo kanta ba. Da aka ba ta matsayinta, ita ta zama mai tsaron surukar tata.

Yawancin 'yan biyun da ake rasawa bayan haihuwa ƙanƙanta ce ke ɗauke su. Fiye da rabinsu ba sa kai kilo biyu da rabi. Bakwaini ba shi da kitsen riƙe ɗumi, sukarin jininsa yana faɗuwa da sauri, huhunsa bai gama nuna ba, shawara tana saurin kama shi. In naƙuda ta taso kafin mako na 34, allurar deksametazon da ake yi wa uwar a asibiti tana taimaka wa huhun jariran, kuma wannan ma wani dalili ne na zama kusa. Kwalbar jarirai kuwa, a garin da wuta ke ɗaukewa kwana da kwanaki, ba abin dogaro ba ce.

Abin da ya fi ta samuwa yana jikin uwa. A 1978 wani likitan yara a Bogota ta ƙasar Kolombiya, Edgar Rey, da kwalabe suka yi masa kaɗan, ya fara ɗaure bakwaini a ƙirjin iyayensu, fata da fata. Gwajin da aka buga a 2021, wanda aka yi a Indiya da Ghana da Malawi da Tanzaniya da Ile-Ife ta Najeriya, ya nuna cewa fara wannan nan take ga jariran da ke tsakanin kilo 1 da 1.8 ya rage mutuwarsu da kashi 25. Yadda ake yi: a cire wa jariri komai sai ƙyallen tsuguno da hula, a kwantar da shi a miƙe tsakanin nonuwa, kansa a juye gefe, a ɗaure da zane, a rufa mayafi. 'Yan biyu suna shiga ƙirji ɗaya, kowa a gefensa. In uwar ta gaji, kaka ko gwaggo ko uban da kansa ya karɓi ɗaya. Goyo ne dai da muka iya tun fil azal, an dawo da shi gaba. Wanka kuma a jinkirta shi aƙalla kwana ɗaya, ga bakwaini ma fiye, domin a wankan farko ne da yawansu ke yin sanyin da ba sa farfaɗowa.

Nono yana isar biyu. Yawan tsotso ne ke kawo yawan ruwa, in dai uwar tana ci tana sha tana samun barci. Dakashi kada a zubar, shi ne rigakafinsu na farko. Ruwa, madarar akuya, madarar gwangwani da aka dama da ruwan magudana a shekarun da kwalara ke yawo, duk hanyar gudawa ce. Wanda ya kamata a sa wa ido shi ne ƙaramin, mai yawan barci, wanda ake yabo da cewa ba shi da rigima. Sau da yawa ƙarfin kuka ne ba shi da shi. A tashe shi duk awa biyu zuwa uku, in ya kasa kama nono a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi ko cokali. In ya ƙi karɓa, ko jikinsa ya yi sanyi, ko numfashinsa ya yi sauri, ko tafin hannunsa ya yi rawaya, ba a kwana da shi a gida.

Gidajen da suka riƙe wankan jego da kunun kanwa su yi hattara da uwar biyu. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da gishirin kanwa da tsananin zafi, kuma cikin 'yan biyu shi kansa yana cikin abubuwan da ke jawo wannan ciwo. Mai jegon da ke haki in ta kwanta, tana tari da dare, ƙafafunta suna ƙara kumbura bayan haihuwa maimakon su saɓe, zuciyarta za a duba. A rage kanwar, a ba ta kunun hulba da nama da romo, a samo mace guda da za ta kwana ɗakinta har arba'in ta riƙa karɓar ɗaya in tana shayar da ɗaya. Jariran kuma a riƙa kai su sikeli duk mako, kowa a rubuta nauyinsa a katinsa daban, domin wanda ya cika mako biyu bai koma nauyin haihuwarsa ba yana buƙatar likita ya gan shi.